Yadda ake gama bargon faci ba tare da bayansa ya tattare ba

Yawancin masu koyo da nake gani sun iya haɗa ƙyallayen saman bargo tsaf, amma da an zo haɗa shi da auduga da shafi sai aiki ya lalace, su ce keke ne. Ba keke bane, tun wajen shimfiɗa aka ɓata.

Ki fara goge saman da shafin. Shafi da auduga su fi saman girma da kamar inci 4 ta kowane gefe, dan Allah kar kiyi tsumulmular yadi anan, ɗinki yana janye su ciki.

Ki shimfiɗa shafin a daɓe, fuskarsa na kallon ƙasa, ki manne gefunan da tef. Ya miƙe kawai ake so, kar ki ja shi har ya ɗame, don da kin cire tef ɗin zai koma yadda yake ya tattaro saman gabaɗaya. Nan ne ni na sha wuya, bargona na farko na ja shafin sosai ina ganin hakan ne daidai, sai da nayi kwana biyu ina warware ɗinki. Sai ki ɗora auduga, ki ɗora saman, kina shafawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje har ki daina ganin tudu. Sannan fil mai kulle, shima daga tsakiya, duk bayan inci 4, duk inda kika ajiye dunƙulen hannunki ya taɓa fil. Akwai gam na fesawa, ya fi sauri amma yana cin kuɗi, ni fil na yarda da shi. Kin gama? Juya bargon ki duba bayan, in kinga ninki ko ɗaya ne ki cire fil ɗin wajen ki gyara yanzu.

Zanen da ɗinkin zai bi kuma ƙyallen ne zai gaya miki. In ƙyallayen sun cika ado layi miƙaƙƙe ya isa, ganye da da'ira ɓata suke yi a ciki, ki bar su sai inda yadin yake fili babu komai. Ki zana da alli ko ki bi gefen tef. Biron nan shuɗi mai fita da ruwa ki gwada shi a guntun ƙyalle tukun, kuma kar ki bi kansa da guga, zafi na iya kama shi ya zauna. Ki duba ledar audugar, suna rubuta iya tazarar da za a bari tsakanin layi da layi.

Wajen ɗinki ki sa wokin fut, ƙafar nan da ke jan sama da ƙasa tare, tsawon ɗinki kamar milimita 3, ki fara daga tsakiya, ki naɗe ragowar bargon ya zauna kan tebur kar nauyinsa ya riƙa jan allura. Zane mai lanƙwasa sai kin sauke haƙoran keken masu jan yadi kin canza ƙafa, wannan ki koya a tarkace kafin ki taɓa bargon.

Ɗinkin bakin bargon ba wuya. Ki datse gefuna su daidaita, ki yanko tsiri mai faɗin inci 2 da rabi, ninka biyu, ɗinka ta gaba da kwatan inci, ki tsaya kwatan inci kafin kusurwa ki ninke, sai ki juya tsirin baya ki kama da allurar hannu.