Yadda ake kashe kyandir ba tare da kaki ya fantsamo maka ba

Mu nan Gadarif a Sudan in kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, cajin waya ma ya ƙare, kyandir ake komawa, kuma kullum sai na ga yara har da wasu manya suna kashe shi kamar masu hura gawayin dafa jabana, wato kofi. A cika kumatu, a sunkuyo ta sama, fuuu, narkakken kaki ya watsu a ido, ɗaki ya game da wari.

Fara sanin abin da ke ci tukuna. Zafi ne ke narkar da kakin, lagwani ya tsotso shi sama ya zama tururi, to wannan tururin shi wuta ke ci. In ka hura, iskar bakinka tana ture harshen wutar daga inda tururin ke fita, wurin ya huce, shi kenan ta mutu. Masu cewa wai don numfashi ba shi da oksijin ne, wato iskar da wuta ke buƙata kafin ta ci, ba su yi daidai ba, wanda muke fitarwa yana da wajen kashi 16 cikin ɗari, iskar waje kashi 21. Ai da shi muke hura gawayi yana ƙara ja, don shi garwashi ne zaune, babu harshen da za a ture.

Tunda turewa ce kawai, ba a son ƙarfi. Sauko da bakinka daidai tsayin lagwanin, ta gefe, kamar taƙi guda tsakaninku, sa tafin hannu a bayan wutar ka hura gajere sau ɗaya.

Bayan nan ne mutane ke sakaci. Wuta ta mutu amma kan lagwanin na nan ja, farin hayaƙi na tashi, kuma hayaƙin nan kaki ne bai ƙone ba, kai masa ashana mai ci za ka ga wuta ta bi shi ta koma kan kyandir ɗin. Mai kwana a ɗakin ciyawa ko kusa da gidan sauro kada ya kuskura ya juya baya sai jan nan ya ɓace, musamman kyandir mai arahar nan na suk, wato kasuwa, da lagwaninsa ke da kauri, ya fi daɗewa yana cin ciki.

Ni dai a gidana na ma hana hurawa. Ɗauki tsinken ashana da aka riga aka kyasta, kwantar da lagwanin cikin narkakken kakin, ɗago shi ya miƙe. Ba hayaƙi ba wari, gobe ma ya fi saurin kamawa. In ya yi tsawo sai a rage shi da almakashi, kyandir ɗin kuma a kan faranti ake kafa shi ba kan akwati ba.