Yadda za ka koyar da lissafi a CI (ajin farko na lakwal) yara su gane

Mushe, yadda ka ɗauki yaro shi ke tsara ajinka. In ka ɗauke shi tulu sai ɗura, to hadda za a sha, su yi ta maimaitawa bayanka har a tashi lakwal ba su gane komi ba. Kar ka fara da tablo, sa kowa ya zo da tsakuwa goma su ƙirga su raba da hannunsu, tunanin masaniyar koyar da yara Maria Montessori kenan tun 1907 a Italiya. Bayani kuma Hausa tukuna sannan Faransanci, ai nan Damagaram aka fara lakwal mai harshe biyu a Nijar a 1973. Aji ya cika maƙil? Raba su biyar-biyar, mai ganewa ya ja sauran, kowa ya rubuta amsa a ardwaz ya ɗaga ka gani.