Gyaran Birkin Ganga a Tsohuwar Volkswagen Beetle: Saiti Kafin Cire Iska

Yawancin Beetle ɗin da aka harhaɗa a Legas daga 1975 suna da birkin ganga, wato wanda takalman birki ke matse gangar ƙarfe daga ciki don tsayar da taya, kuma takalman birkinsu ba sa saita kansu, sai da hannu. Saboda haka, kafin ka taɓa man birki, ka taka fedal ka lura: idan ya yi ƙasa sosai amma ya tsaya da ƙarfi, takalman ne suka yi nisa da ganga, idan kuwa ya yi taushi kamar soso, iska ce ta shiga. Makanikai da dama kan ɓata rabin yini suna cire iskar da babu ita.

Ka ɗaga motar, ka tokare ta da kyau, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Notin gangar baya mai lamba 36 yana da tauri ƙwarai, gara a sassauta shi tun tayar tana ƙasa. Bayan ka cire ganga, kada ka hure ƙurar da baki, ka goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin takalma kan ƙunshi asbestos mai illa ga huhu. Ka ɗaga robar silinda, wato abin da ke tura takalman da ƙarfin man birki, idan ka ga danshin mai a ƙarƙashinta, silindar ta gaji, kuma takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai canji a ɓangarorin biyu tare.

Kowace taya tana da ƙusoshin saiti biyu masu haƙora. Bayan ka mayar da ganga da taya, ka juya ɗaya da sukundireba har tayar ta kama, ka sassauta haƙora uku ko huɗu, sannan ka koma kan ɗayan.

Sai yanzu cire iska, aikin mutum biyu. Ka cika tankin man birki da mai samfurin DOT 4 daga sabuwar kwalba, ka fara da tayar baya ta dama wadda ta fi nisa da masta, wato babbar silindar da fedal ke turawa, sai baya ta hagu, sannan tayoyin gaba. Ka sa siririn tiyo a bakin nonon cire iska da ke jikin silindar tayar, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Abokin aikinka ya taka sau uku ya riƙe, ka buɗe kaɗan, ka rufe kafin ya saki ƙafa. Ana maimaitawa har kumfa ta ƙare, ana leƙa tankin a kai a kai, domin da zarar ya ƙafe, aikin ya koma farko. Man da ya ɗiga a jikin mota a wanke shi da ruwa nan take, yana cin fenti.