Yadda Ake Zaɓar Lensi Mai Araha Don Hoton Fuska

Ka san irin hoton nan da mutum zai fito tar, bayansa kuma ya narke ya yi dishi-dishi? Yawanci ba tsadar kyamara ba ce, lensi ne. Wancan 18-55mm da ya zo da kyamararka in ka ja zum ƙarshe ƙofar haskensa a f/5.6 take tsayawa (ƙaramar lambar f ita ce babbar ƙofa), shi ko lensi mara zum mai f/1.8 hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma, shi ya sa ko a ɗaki mai duhu-duhu yake aiki.

Da farko duba bakin kyamararka, wato inda lensi ke shiga. Canon na da EF da RF, Nikon na da F da Z, Sony kuma E. Na EF zai hau kyamarar RF da adafta, amma na RF ba zai hau ta EF ba ko da me.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi tafka kuskure, girman sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara. In kyamararka mai ƙaramar sensa ce, APS-C, sai ka ninka lambar mm ta lensin da 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm. Ka ga kenan 50mm zai ba ka faɗin hoto kamar na 80mm ko 75mm, daidai wa daida da hoton fuska. To ka sayo 85mm a kan irin wannan kyamara, ya koma kusan 130mm, kana ta ja da baya kana ja har ƙeyarka ta bugi bango, kuma har yanzu kafaɗar mutum ba ta shigo ba. 85mm ɗin ya fi daɗi a babbar sensa. 35mm kuwa in ka matso kusa da fuska hanci ne zai yi gaba ya kumbura, kunnuwa su ƙanƙance, ba wanda zai gode maka.

Na uku, kar f/1.4 ta ruɗe ka. Ƙarin haskenta a kan f/1.8 bai ma kai ninki biyu ba, kuɗin kuma ba a magana. Ni dai a ganina 50mm f/1.8 ya ishi mai farawa, kamar Canon EF 50mm f/1.8 STM na 2015 ko Nikon 50mm f/1.8G na 2011. Masu Nikon ku lura, tsohon mai harafin D ba shi da injin fokas a ciki, a kan kyamarar D3500 ko D5600 da hannu za ka riƙa murzawa. Yongnuo da Viltrox ma suna yin masu sauƙin kuɗi, sai dai ka gwada saurin fokas ɗin tukuna.

Na huɗu, in na hannu za ka saya, cire murfi gaba da baya ka haska tocilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin to fumfuna ce, ajiye masa kayansa. Murza zoben fokas ka ji ko yana cijewa.

Sai gwaji. Tsayar da mutum nesa da bango kamar taku biyar, sa fokas a idon da ya fi kusa da kai, ka ɗauka a f/1.8, ka sake a f/2.8, sannan ka zuƙo hoton ka duba gashin ido. Za ka ga na f/2.8 ya fi kaifi, in kuma duka biyun kunne ne ya fito garau ido ya dushe, fokas ɗin lensin ko na kyamarar na da matsala.