Yadda na ceto satsuma ta daga zubar da ganye a hunturun Jos

Alhamdulillah ganye ya daina zuba, na gode wa dattijon da ke sayar da dashe a unguwarmu.

Satsuma ce, irin tanjarin ɗin Japan, an yi mata aure a kan gindin trifoliata (wani dangin lemo mai ƙaya), tana cikin rabin durom. Irin nan yana jure sanyi har ƙasa da sifiri, shi ya sa abin ya ɗaure min kai da Disamba ta shigo ganye ya fara naɗewa yana faɗuwa da korensa. Na ƙara ruwa, na sa yuriya, na duba bayan ganye ko ƙwari ne, babu komai.

Ashe saiwa ce, in ji dattijon. Idan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 13 saiwar lemo kusan tsayawa take da aiki, to da dare durom ya huce, da safe rana ta bugi ganye ga busasshiyar iska, ganye na neman ruwa saiwa ba ta turowa.

Sai na matsar da durom jikin bangon da ke kallon kudu, na kafa zana ta arewa maso gabas inda iskar ke fitowa. Na naɗe durom ɗin da buhun algarara ninki biyu. Taki na tsayar gaba ɗaya sai damina. Ruwa kuma sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe, kuma da rana tsaka nake ba ta, da wanda ya sha rana a bokiti, ba na randa ba. Yanzu har toho ya fara fitowa a rassan ƙasa.