Kurakuran da masu aiki daga gida ke yi a lambun bayan gida a Legas

Wanda aiki ya dawo masa gida ya huta da cunkoson gadar Third Mainland, kuma yana da lokacin da zai ɗaga kai daga kwamfuta ya ga kurciya a kan katanga. Shi ya sa mutanenmu da dama a Agege da Idi-Araba da Ajah suka fara ɗan lambu, ko a buhuna ne a baranda. Sai dai yawancinmu da dabarun Arewa muka zo, kuma a nan ake fara samun matsala.

Babban kuskure shi ne ban ruwa. A Kano ko Sakkwato, shuka ta rani sai an ba ta ruwa safe da yamma. Legas kuwa iskarta a jiƙe take, ruwan sama yana zuba sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Mai zaman gida yana ganin shukarsa kullum, tausayi ya sa ya ƙara mata ruwa, har saiwa ta ruɓe ganye ya yi rawaya. Ka tura yatsa cikin ƙasar tukuna. In akwai danshi, ka bar ta. Ka huda ƙasan buhu ko bokiti, ka ɗora shi a kan bulo don ruwa ya tsiyaye. Zogale musamman ba ya son ƙafarsa cikin ruwa.

Daga nan sai zaɓen abin shuka. Kowa tumatir yake so, amma tumatir a tsakiyar damina a nan cutar ganye ke cinye shi. Ka bari sai wajen Nuwamba. Da damina ka shuka alayyafo, lalo, ugu, kuɓewa da ɗoɗɗoya, su ne ke son wannan yanayi. Taki kuma, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Ko na shanu ka samo daga wajen mayankar Oko-Oba, ka tara shi ya ruɓe ya huce kafin ka zuba.

Abin da ya fi damuna shi ne feshi. Mutum ya ga rami biyu a ganye, sai ya ɗauko maganin kashe sauro ya fesa wa ganyen da 'ya'yansa za su ci a miya. Wannan haɗari ne ga iyali, kuma yana kashe ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi waɗanda ke taimaka wa kuɓewa da gwanda su yi 'ya'ya. Tsuntsayen da kake so ka gani ta taga ma ƙwarin nan suke biyowa. Ka tsince tsutsa da dodon koɗi da hannu da sassafe, sauran kuma ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu ya isa. Ƙadangare da kwaɗo ma'aikata ne da ba ka biya, ƙwari suke ci. Ka hana yara jifansu.

Ciyar da tsuntsaye ma akwai yadda ake yi. Ragowar tuwo da shinkafa da mai ɓeraye suke kirawa, sannan hankaka ya zo ya kori ƙananan tsuntsaye. Ɗan gero ko dawa da safe, gwargwadon abin da zai ƙare kafin azahar, ya wadatar. Kaskon ruwan shansu kuma a zubar a wanke duk bayan kwana biyu ko uku, domin sauro yana iya girma daga ƙwai cikin kusan mako guda. Haka ma tsohuwar taya da farantin ƙarƙashin tukunyar fure.

Janareto kada ya zauna ƙarƙashin tagar da kake buɗewa don kallon lambu. Hayaƙinsa yana kisa, ƙararsa kuma tana korar tsuntsaye. Ka kai shi nesa, inda iska ke wucewa. Teburin aiki ka ajiye shi a gefen taga, ba ka fuskance ta kai tsaye ba, don hasken rana kada ya gajiyar da ido. In kuma haya kake a bene, ka yi magana da mai gida kafin ka jera buhuna goma a baranda, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, ruwanta kuma kan shanyar maƙwabcin ƙasa yake ɗiga.