Kafin ki ɗauko mage daga gidan ajiyar dabbobi

Assalamu alaikum matan Jidda. Wata 'yar'uwa ta ce yaranta sun dame ta sai an kawo musu mage, shin ta saya ne ko ta karɓo daga masu tsince maguna a titi suna kula da su? Ni dai karɓowa na yi, shekara 3 ke nan.

Amfaninsa a fili yake. Ba ki zuba riyal wajen saye ba, kuma galibi za ki tarar an yi mata rigakafi, an yi mata aikin hana haihuwa. Amma ki ce a nuna miki katin likita, kada ki tsaya ga maganar baki. Ki zaɓi babba ma, don halinta ya riga ya bayyana.

Sai dai wadda ta sha wuyar titi takan zo da tsoro. Tawa sati 2 ta yi a ƙarƙashin gado, sai dare take fitowa cin abinci. Ki duba ƙuma da makero, domin makero yana kama yara. Mai juna biyu kada ta kwashe kashinta, mai asma kuwa ya fara gwada zama kusa da ita tukuna.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne tafiya gida. Mage takan kai shekara 15. Ranar da kika nufi Kano hutun wata 2, wa zai ba ta ruwa a wannan zafin? Kin san hadisin matar da ta kulle mage har ta mutu. Ki samu maƙwabciyar da ta yarda tun yanzu, sannan ki tambayi mai gidan haya ko ya yarda a ajiye mage.